Ƙafar Keke da Iskar Hunturu

Hausawa sun ce iska na wahalar da mai kayan kara. Wanda ya fara faɗin wannan magana bai san keke ba, amma da ya hau shi rana ɗaya cikin watan Janairu, ya tashi daga Isa ya nufi Sabon Birni, da ya ƙara da cewa tana wahalar da mai keke ma, ko da kara ko babu. Duk wanda ya taɓa yin wannan tafiya ya san yadda mutum ya kan taka feda har cinyoyinsa su yi zafi, alhali kuwa hanya a miƙe ta ke, babu tudu babu kwari, amma keken ya ƙi gaba sai ka ce an riƙe shi ta baya.

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu daraja, wannan ba zancen wasa ba ne. Tun da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na babur suka fi ƙarfin talaka. Kekunan da aka jingine a zaure suka yi tsatsa an sake fito da su. Da keke ɗalibi ke zuwa makaranta, da shi manomi ke kai gero da albasa kasuwa, da shi a ke ɗebo ruwa. Tun da ƙarfin jikinmu shi ne man wannan inji, ya kamata mu san inda ƙarfin ke tafiya. A ƙasashen Turai da Amurka akwai masana da suka ƙare rayuwarsu a kan nazarin ƙafar keke da iska, har suka ƙera ƙafafu na musamman domin 'yan tsere. Bari mu duba abin da suka gano, sa'an nan mu tantance wanda ya dace da mu da wanda bai dace ba.

Iska tana da nauyi

Abu na farko da za mu sani shi ne, iska ba banza ba ce. Domin ba mu ganinta, sai mu ɗauka babu kome a gabanmu. Amma idan aka sami akwati mai tsawon mita 1, faɗi mita 1, zurfi mita 1, iskar da ke cikinsa ta kai nauyin kilo 1.2. Ɗakin karatu mai tsawon mita 8, faɗi mita 7, tsayi mita 3, yana ɗauke da iska mai nauyin wajen kilo 200, watau buhu biyu na gero. To, mai keke dole ya ture wannan abu mai nauyi daga gabansa a kowane taki, kamar yadda mai shiga Gulbin Rima ke ture ruwa da ƙirjinsa. Wannan riƙewa da iska ke yi wa mai tafiya ita za mu kira turjiyar iska.

Turjiyar iska tana da wata ƙa'ida da ya kamata kowane ɗalibi ya haddace. Idan ka ninka gudunka sau 2, turjiyar ba sau 2 za ta ƙaru ba, sau 4 za ta ƙaru. Idan ka ninka sau 3, ta ƙaru sau 9. Dalili kuwa shi ne, mai sauri yana karo da iska mai yawa a cikin daƙiƙa guda, kuma kowace iskar da ya kara da ita da ƙarfi ya ke bugunta. Daɗin daɗawa, tun da yana cin tazara mai yawa cikin wannan turjiya, ƙarfin da zai kashe a daƙiƙa guda ya kan ninku sau 8 idan gudu ya ninku sau 2, ya ninku sau 27 idan gudu ya ninku sau 3.

Ga misali. Ɗalibi a kan keken gida yana cin kilomita 15 a awa. Ɗan tsere yana cin kilomita 45 a awa. In da girmansu da zamansu a kan keke ɗaya ne, da ƙarfin da ɗan tseren zai kashe wajen faɗa da iska ya ninka na ɗalibin sau 27. Saboda haka ne a wurin ɗan tsere iska ita ce babbar abokiyar gaba. A irin wannan gudu, fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa a kan iska ya ke ƙarewa, ɗan abin da ya rage shi ne na gogayyar taya da ƙasa da na sarƙa da boris.

Kada wani ya ce, to ai mu ba mu gudu, ina ruwanmu? Iska ba ta duba gudunka a kan ƙasa, gudunka a cikinta ta ke dubawa. Idan kana cin kilomita 15 a awa, iska kuma tana busowa daga gabanka da kilomita 15 a awa, to jikinka yana jin iskar kilomita 30 ke nan, turjiya ta ninku sau 4. Watau hunturu ya kan mai da ɗan makaranta ɗan tsere ba da sonsa ba.

Akwai kuma wani lissafi mai ban haushi. Mutane su kan ce abin da iska ta karɓe a tafiya za ta biya a dawowa. Ba haka ba ne. A ranar da babu iska, turjiyar tafiya 15 sau 15 ce, watau 225, ta dawowa ma 225, jimla 450. A ranar iska kuwa, ta tafiya 30 sau 30 ce, watau 900, ta dawowa sifiri, jimla 900. Ashe iska mugun mai cin bashi ce, ta karɓi 675 ta biya 225.

Yadda ƙafar keke ta ke

Ƙafar keke tana da sassa huɗu: cibiya a tsakiya, wayoyi, rim, watau da'irar ƙarfen nan da yara ke wasan gare da ita, sa'an nan taya. Keken farko da Bajamushe Karl von Drais ya ƙera a 1817 ƙafafunsa na katako ne kamar na amalanke. Wajen 1870 aka soma yin ƙafa da wayoyi, a 1874 kuma James Starley na birnin Kwabantiri a Ingila ya fito da dabarar saƙa wayoyin su gitta juna, irin wadda mu ke gani har yau. A 1885 John Kemp Starley ya fito da keke mai ƙafafu kusan kai ɗaya da sarƙa, a 1888 kuma John Dunlop ya yi tayar da a ke hura wa iska. Daga nan kamfanoni irin su Raleigh na birnin Notingam suka baza keke duniya, har ya zo ƙasar Hausa, kakanninmu suka kira shi basukur. A shekarun 1970 kamfanin Raleigh har masana'anta gare shi a Kano. Bayan haka kekunan Sin da na Indiya, irin su Phoenix da Hero, suka cika kasuwanninmu.

Abin mamaki game da wayoyin nan shi ne, kowace ɗaya siririya ce, kaurinta wajen milimita 2, yaro ma ya iya lanƙwasa ta da hannu. Amma da ya ke an ja su an ɗaure tamau daga cibiya zuwa rim, kowace tana jan 'yar'uwarta, sai ga shi suna ɗaukar ƙato da buhun hatsi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yawancin kekunan aiki suna da waya 36 a ƙafa, tsofaffin kekunan Ingila kuwa su kan zo da 32 a gaba, 40 a baya, domin nauyi a baya ya fi yawa.

To, ina matsalar ƙafa da iska? Ku lura da wannan. Sashen tayar da ke taɓa ƙasa, a daidai lokacin da ya taɓa, a tsaye ya ke cik, in ba haka ba da sulɓi zai yi. Cibiya tana tafiya da gudun keke. Saman ƙafar kuwa yana tafiya gaba da gudun keke ninki biyu, domin ga tafiyar keke ga kuma juyawar ƙafa. Idan ɗan tsere yana cin kilomita 45 a awa, saman ƙafarsa yana sarar iska da kilomita 90 a awa. Kowace waya in ta zo sama sai ta kaɗa iska kamar yadda maburgi ke kaɗa miya. Ƙafar keke mai inci 28 tana cin wajen mita 2.2 a juyi guda, watau juyi 450 a kilomita. Tsakanin Isa da Sabon Birni ya haura kilomita 40, ke nan kowace ƙafa za ta juya fiye da sau 18,000, tana burga iska da waya 36.

Bugu da ƙari, abu mai siffar sanda, mulmulalle, ba ya shiri da iska. Iska ta kan rabu a gabansa, ta kasa haɗuwa lafiya a bayansa, sai ta yi 'yan guguwoyi, wurin ya zama kamar rami mai tsotso yana jan abin baya. Ku dubi ruwan gulbi da damina in ya wuce ginshiƙin gada, za ku ga yadda ya ke murɗawa a bayansa. Amma ku dubi kifi: kansa da kauri, jikinsa yana sirancewa sannu sannu har wutsiya, ruwa ya bi jikinsa ya haɗu a baya ba tare da hargitsi ba. Masana sun auna sun ga abu mai siffar kifi turjiyarsa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na mulmulallen sanda mai kauri ɗaya da shi ba. Duk hikimar ƙafafun tsere daga nan ta fito.

Dabarun masu tsere

Dabara ta farko ita ce rage wayoyi. Maimakon 36, ƙafar tsere ta kan zo da 24 ko 20, wani lokaci 16. Kuma ba mulmulallu ba ne, an buge su sun yi fale-fale kamar ruwan wuƙa, kaifin yana duban gaba.

Dabara ta biyu ita ce zurfafa rim. Rim ɗin keken gida zurfinsa bai fi kaurin ɗan yatsa ba. Na tsere kuwa ya kan kai milimita 40, ko 60, ko 80. Idan aka yanka shi aka duba, taya ita ce kan kifi, rim kuma shi ne jiki da wutsiya. Iska ta bugi taya, ta bi gefen rim a hankali, ta rabu da shi lami lafiya. Sa'an nan zurfin rim yana gajarta wayoyi, ya ɓoye sashensu na waje wanda ya fi gudu. Da ƙarfe aka yi irin wannan rim da ya yi nauyi ƙwarai, saboda haka da zaren kabon a ke yinsa, watau wani zare na sinadarin gawayi da a ke saƙawa kamar tabarma, a jiƙa shi da danƙo, a gasa ya daskare. Kamfanoni irin su Zipp da HED na Amurka da Mavic na Faransa su kan gwada ƙafafunsu a wani dogon ɗaki mai ƙatuwar fanka, su sako iska, su auna turjiya da ma'auni. Ta haka suka gano cewa in taya ta fi rim faɗi, iskar da ta rabu a kan taya ba ta sake kama gefen rim, wahalar ta zama ta banza. Shi ya sa rim na zamani ya ke ɗan fin tayarsa faɗi.

Dabara ta uku ita ce a rufe ƙafar ɗungum, babu waya ko ɗaya a fili, ta zama kamar faifai biyu da aka kifa wa juna. Mu kira ta ƙafar faifai. Wanda ya sa duniya ta san ta shi ne Francesco Moser, mutumin Italiya. Akwai wata gasa da a ke yi a fili mai zagaye, mutum shi kaɗai, a ga iyakar tazarar da zai ci cikin awa guda. A 1972 Eddy Merckx na Beljiyam, wanda a ke ɗauka babu kamarsa a tarihin tseren keke, ya ci kilomita 49.431 a birnin Meziko, aka shekara goma sha ɗaya ba wanda ya kamo shi. A ranar 23 ga Janairu, 1984, Moser ya je wannan birni da ƙafafun faifai gaba da baya, ya ci kilomita 51.151, watau ya ɗara Merckx da mita 1,720. Ba ƙafafun kaɗai suka yi aikin ba, akwai matsattsun tufafi da sabon fasalin keke da horo na musamman, amma daga ranar kowa ya yarda cewa dabara tana iya kayar da ƙarfi. Me ya kai su Meziko su duka biyu? Birnin yana bisa tudu da ya haura mita 2,200, iskar can ta fi ta bakin teku sauƙi da wajen kashi ɗaya cikin biyar. A ranar 8 ga Oktoba, 2022, wani ɗan Italiya, Filippo Ganna, ya kai wannan tazara kilomita 56.792 a ƙasar Suwizalan.

Akwai wani labari kuma mai koyar da hankali. A 1989, a babban tseren zagaya Faransa, wanda a ke yi mako uku, an zo ranar ƙarshe Laurent Fignon na Faransa yana gaban Greg LeMond na Amurka da daƙiƙa 50. Saura kilomita 24.5 daga Barsai zuwa Faris, kowa shi kaɗai zai yi gudu da agogo. Fignon ya sa ƙafar faifai gaba da baya, amma kansa babu hula. LeMond ya sa faifai a baya kaɗai, ya sa hular kwano mai tsini ta baya, ya kuma ɗaura wa kan kekensa wasu ƙahoni biyu da ya kwanta a kansu, hannuwansa a haɗe a gaba kamar mai shirin faɗawa ruwa. Ya riga Fignon da daƙiƙa 58, ya ci gasar duka da daƙiƙa 8, bayan tafiyar fiye da kilomita 3,000. Ku lura, mai faifai biyu aka kayar, wanda ya gyara zaman jikinsa ya yi nasara. Dalili kuwa shi ne, wajen kashi uku cikin huɗu na turjiyar iska daga jikin mahayi ta ke, keke gaba ɗayansa kashi ɗaya, ƙafafu kuma wani yanki ne na wannan kashi ɗayan.

Gasar wasa uku da iskar gefe

Ƙahonin nan na LeMond daga wurin 'yan gasar wasa uku ya aro su. Wannan gasa, wadda Turawa ke kira tirayatalon, an soma ta a San Diyego ta Amurka a 1974. Mutum zai yi iyo, ya fito ya hau keke, ya sauka ya yi gudu da ƙafa, ba hutawa. A wasannin Olimfik, inda ta shiga a 2000 a birnin Sidni, iyo kilomita 1.5 ne, keke 40, gudu 10. Akwai kuma babbar, mai suna Ironman, da aka fara a Hawai a 1978: iyo kilomita 3.8, keke 180, gudu 42. A wannan babbar an hana mutum ya laɓe a bayan wani domin ya tare masa iska, kowa shi da iska ne fuska da fuska. Don haka ba wanda ya kai su son rim mai zurfi da ƙafar faifai.

Amma duk da haka, a gasar da a ke yi a garin Kona na Hawai an haramta ƙafar faifai. Me ya sa? Saboda iskar gefe. Faifai in ya fuskanci iska da kaifinsa ba ya jin kome, amma in ta buge shi a ciki sai ta yi gaba da shi. Duk wadda ta taɓa sheƙar hatsi ranar iska ta san haka. In faifan a ƙafar baya ya ke, da sauƙi, domin ba ta juyawa hagu ko dama. In a gaba ya ke, iska ta kan fizge kan keken daga hannun mahayi. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ba ta yarda da ƙafar faifai a tseren da a ke tashi a garke ba, kuma a 2025 ta sanar da cewa daga 2026 zurfin rim a irin wannan tsere kada ya wuce milimita 65.

Iskar da mai keke ke ji haɗin iska biyu ce: wadda gudunsa ya haifar daga gaba, da wadda Allah ya sako. A ce iska tana busowa daga gefe sak da kilomita 15 a awa. Ɗan tsere mai cin kilomita 45 zai ji ta karkace daga gabansa da digiri 18 kacal. A irin wannan 'yar karkata rim mai zurfi yana aikinsa sosai, har ya kan sami ɗan turi gaba kamar ƙyallen da a ke ɗaura wa jiragen ruwa na da. Amma ɗalibi mai cin kilomita 15 zai ji ta da digiri 45. A nan iska ba ta bin gefen rim, dukansa kawai ta ke yi. Ashe ƙafar da ke taimakon mai sauri ita ce ke kayar da mai tafiya a hankali.

Yanzu mu dawo gida. Iskar hunturu daga arewa maso gabas ta ke busowa, daga Hamadar Sahara, tun daga Nuwamba har wajen Fabrairu. Sabon Birni kuwa tana arewa da Isa, ta ɗan karkata yamma. Saboda haka mai zuwa Sabon Birni iska tana dukansa ta gaba daga kafaɗar dama. Tun watan Afrilu na 1972 a hannun dama a ke tuƙi a Nijeriya, ke nan mai keke yana bakin hanya ta dama, iska kuma tana tura shi hagu, watau tsakiyar titi, inda motoci ke wucewa. Ƙasarmu fili ce fetal, bayan kaka an yanke kara, babu abin da zai tare ta. Wannan ya isa gargaɗi ga yaran da su kan ga hotunan 'yan tsere a waya, su yanko kwali ko buhun roba su rufe ƙafar gaba don ado. Kama da wane ba ta wane.

Shin ƙafar tsere ta dace da mu?

Amsa ita ce a'a, bisa dalili huɗu. Na ɗaya, tsada. Ƙafafun kabon guda biyu masu kyau su kan haura dalar Amurka 2,000, kuɗin da zai sayi kekunan aiki masu yawa, alhali abin da su ke rage wa ɗan tsere a kilomita 40 bai cika wuce minti ɗaya ko biyu ba. Ga wanda aka kayar da daƙiƙa 8, minti guda dukiya ce. Ga mai zuwa kasuwar Shinkafi, ba kome ba ne. Na biyu, kaya. Waya 20 ba za ta jure buhun gero ko jarka huɗu ta ruwa ba. Na uku, hanya. Rim na ƙarfe in ya faɗa rami ya lanƙwashe, mai gyara ya buga shi ya miƙe. Na kabon tsagewa ya ke yi, ba kuwa mai gyara shi a gindin bishiya. Na huɗu, iskar gefe da muka ambata. Da tsohuwar zuma a ke magani: ƙafa mai waya 36 ita ce daidai da ƙasar Gobir.

Abin da za mu ɗauka kyauta

Ƙafafun ba namu ba ne, amma ilimin da ya haife su namu ne, kuma ba a biyan ko kwabo.

1. Tufafi. Babbar riga ko mayafi mai kaɗawa a kan keke tarkon iska ne. Turjiyar da su ke jawowa ta fi ta wayoyin ƙafa nesa ba kusa ba. A naɗe riga a ɗaura a kariya, a sa in an isa. Wannan kuma yana hana ta shiga cikin wayoyi ko sarƙa.

2. Zama. In iska ta taso daga gaba, a ranƙwafa, a matse gwiwar hannu zuwa jiki. Darasin LeMond ke nan.

3. Ɗaurin kaya. A ɗaura kaya a baya, a bisa tsawon keke, inda jikin mahayi zai tare musu iska. Kara ko itacen da aka gicciye ya faɗaɗa keke, ga wahala ga haɗarin mota.

4. Jeri. Mai bin bayan wani kurkusa yana samun sauƙin wajen kashi ɗaya cikin huɗu, ko fiye, na turjiyar iska. Ɗaliban da ke fitowa daga gari ɗaya su yi layi, su riƙa karɓa-karɓar gaba, manya su fi daɗewa. A bar tazarar da za a iya taka birki. A wannan zamani da rashin tsaro ya addabi yankinmu, tafiya a ƙungiya, da rana, bisa shawarar iyaye game da hanyar da za a bi, ta fi tafiyar mutum ɗaya ta kowace fuska.

5. Iskar taya. A gudunmu na yau da kullum, gogayyar taya da ƙasa tana cin ƙarfi kusan daidai da iska. A kan kwalta a hura taya ta yi tauri. A cikin yashi kuwa a ɗan rage, domin taya mai taushi tana shimfiɗuwa bisa yashi, mai tauri tana nutsewa.

6. Wayoyi. A riƙa taɓa su kowane mako. In ɗaya ta saki ko ta tsinke, nauyinta ya koma kan maƙwabtanta, ƙafa ta soma rawa tana gogar birki. Sauya waya ɗaya yau ya fi sayen rim gobe. Cikin hunturu kuma a riƙa goge ƙurar sarƙa kafin a ɗiga mata mai.

7. Lokaci. Iskar hunturu ta kan ƙara ƙarfi da hantsi. Wanda tafiyarsa ta arewa ce, in hali ya yi, ya tashi da zarar gari ya waye sosai.

Gwaji da tambayoyi

Sai an gwada a kan san na ƙwarai. Ka ari faifai a gida, ka riƙe shi a gabanka da cikinsa yana duban iska, ka ruga. Sa'an nan ka juya shi kaifinsa ya dubi gaba, ka sake rugawa. Bayan haka ka karkata shi kaɗan, ka ji yadda ya ke jan hannunka gefe. Cikin minti biyar ka ga duk abin da kamfanonin nan ke aunawa a ɗakin fanka. Ga kuma tambayoyi biyu na lissafi. In kana cin kilomita 10 a awa, iska ta taso daga gaba da kilomita 20, sau nawa turjiya ta ninku? In ƙafar kekenka tana cin mita 2.2 a juyi, sau nawa za ta juya daga gidanku zuwa makaranta?

Kada mu ɗauka tseren keke na Turawa ne kaɗai. Ƙasar Burkina Faso tana shirya tseren zagaya ƙasarta tun 1987. A 2024 Biniam Girmay na Eritiriya ya ci zango uku a tseren zagaya Faransa. A shekarar ce kuma Ese Ukpeseraye ta zama ta farko da ta wakilci Nijeriya a tseren keke na Olimfik a Faris, har 'yan wasan Jamus suka ara mata keke domin gasar cikin fili. A watan Satumba na 2025 aka yi gasar duniya ta tseren keke a Kigali ta Ruwanda, karo na farko a nahiyar Afirka. Yaron da ya saba faɗa da hunturu tsakanin Gatawa da Sabon Birni da buhu a kariya ba ƙarfi ya rasa ba.

Roƙonmu ga iyaye shi ne, in za a saya wa yaro keke a duba ƙarfin rim da wayoyi da birki kafin a duba fenti, kuma in ya makara ranar iska a tuna da lissafin 900 da 450 kafin a yi masa faɗa. Mu kuma ɗalibai, mu gane cewa kimiyyar da a ke koya mana ba ta ƙare a allo ba, tana nan a ƙarƙashin sirdinmu kowace safiya. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kiyaye matafiya, ya ba mu ilimi mai amfani, amin.